Kwarkwaron fatsa uku da ruwan Damagaram: wanne ya dace da wane aiki

Wannan bayani ne a kan wasu tsofaffin kwarkwaron fatsa, wato abin naɗe zare a jikin sandar fatsa, ƙirar Ingila da suka faɗo hannun wani mai gyaran keken ɗinki a Damagaram, da famar da ya sha da su tun daga hunturu har damina kafin ya gane aikin kowanne. Mutumin ƙanen mahaifiyata ne, don haka Kawu zan riƙa ce masa. Galibin abin da zan faɗa a gabana aka yi, sauran kuma daga bakinsa na ji. Dalilin rubutawar shi ne, an ƙera kayan nan ne don kogi mai gudu, mu kuwa a nan ba mu da kogi. Tafkuna gare mu da ƙoramu masu kawo ruwa a damina su ƙafe. Mai neman ruwa mai gudu na gaske sai ya je Komadugu ta wajen Difa, ko ya yi tafiyar kilomita wajen 900 zuwa kogin Isa a Yamai. To, mene ne amfanin irin waɗannan kaya a wurinmu, kuma girmansu da ya bambanta me yake canzawa?

Abin da ya zo hannu

Cikin wani kwalin tarkacen gwanjo suka zo, irin wanda ke biyo tsofaffin motoci da firji daga Turai ta tashar ruwan Kwatano. Mai kayan ya zaci wani ɓangare ne na injin saƙa, shi ya sa ya aika a kira Kawu. Guda huɗu ne. Ɗaya na katako ne da tagulla mai siffar tauraro a bayansa, kuma bai daɗe ba bushewar hunturu ta tsaga shi, don haka ya fita daga lissafi. Sauran ukun na alminiyam ne. Idan aka auna faɗin fuskarsu, ƙaramin inci uku da rabi ne, wato kusan santimita 9, kuma sunan kamfanin Allcock ne a jikinsa, samfurin Aerial. Na tsakiya inci huɗu ne, santimita 10 da ɗoriya, samfurin Rapidex. Babban kuwa inci biyar da rabi ne, santimita 14, samfurin Trudex. Waɗannan biyun na kamfanin J.W. Young ne, ƙirar bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Irin wannan kwarkwaro, wanda masu shi ke kira santafin, ba shi da wani sirri a ciki. Akwai farantin baya da ake ɗaurawa a jikin sandar fatsa, ƙusar ƙarfe guda a tsaye a tsakiyarsa, sai ganga da ke hawa kan ƙusar tana juyawa da zare a naɗe a jikinta. Akwai mariƙi biyu a fuskar gangar, da wani ɗan makulli da idan an tura shi harshen ƙarfe zai kama haƙora ya riƙa ƙara, ya hana gangar sakin zare da kanta. Ba giya, ba birki irin na kwarkwaron zamani. Hannu ya juya sau ɗaya, ganga ta juya sau ɗaya. Birkin kuwa yatsan mai fatsa ne a bakin gangar.

Asalinsa garin Notingam ne, a bakin kogin Tirent, inda aka riƙa yin na katako a ƙarni na 19. A 1896 kamfanin Allcock ya fito da Aerial bisa tsarin wani masunci mai suna Henry Coxon, wanda ya rage nauyin gangar ta hanyar ɗaure ta da siraran wayoyi irin na ƙafar keke. Allcock da Young duka a garin Redic suke, garin da ya yi suna a duniya wajen ƙera allurar ɗinki da ƙugiya. Da Kawu ya ji haka sai ya ce ashe shi da kayan nan dangi ne, tunda allura ce ke ci da shi.

Aikin da aka yi su dominsa shi ne wannan. Mai fatsa zai tsaya a bakin kogi ya sa koto a ƙugiya, a samanta ƴan ƙwayoyin darma, a can sama kuma ɗan karan da ke iyo yana nuna cizo. Sai ya sake su ruwa ya tafi da su. Jan ruwan nan kaɗai ne ke juya gangar tana ba da zare a hankali, shi kuma yana taɓa bakinta da yatsa yana ɗan riƙe ɗan karan, don koton ya riga shi gaba ya iske kifi kafin kifin ya ga zare. Duk ƙwarewar maƙeran Redic a kan abu ɗaya ta tafi: ganga ta motsa da ɗan ƙanƙanin ja. A tafki mai kwance kuwa babu mai jan.

Kawu bai tsaya wannan tunani ba. Ya dubi ukun ya yanke hukunci irin wanda kowa zai yanke: babban na tarwaɗa ne, ƙaramin na karfasa, na tsakiya kuma na ko-ta-kwana.

Gyara

A nan Kawu yana gida, kuma ina ganin da a hannun wani suka faɗa da sun lalace tun ba su ga ruwa ba. Dukansu sun zo a cije, tsohon mai ya daskare a jikin ƙusa ya zama baƙin danƙo. Ya cire gangunan, ya wanke ƙusa da ramin tagullar da take shiga da kananzir da tsumma mai laushi, bai sa takardar goge ƙarfe ba ko kaɗan. Hujjarsa ita ce tazarar da ke tsakanin ƙusa da raminta ita ce ran abin, idan ka ci ƙarfen ko da ɗan kaɗan ne ganga za ta fara rawa, kuma ba ta dawowa. Bayan sun bushe ya ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Giris bai kusance su ba, don giris yana riƙe ganga.

Sai ɗan sukurun da ke tsakiyar fuskar gangar. Ƙarshensa ne ke zama a kan tsinin ƙusar, kuma idan aka kwantar da kwarkwaron fuska sama, duk nauyin gangar a kan wannan ɗan wuri yake, wurin da bai wuce ƙwayar gero ba. Idan an sassauta shi da yawa ganga ta sauka ta riƙa gugar farantin baya. Idan an matsa shi da yawa ta ɗaga ta bar ƙofar da zare zai faɗa, ko ta cije. Kawu ya yi ta juya shi kaɗan-kaɗan yana kasa kunne har sai da ƙarar guga ta ɗauke, aka bar ɗan wasan da da ƙyar yatsa ke ji.

Masu tara irin waɗannan kaya suna alfahari da daɗewar da ganga ke yi tana juyawa idan an buga ta. Wannan ba shi ne ma'auni ba, domin ganga mai nauyi dole ta daɗe tana juyi. Ma'aunin shi ne ƙanƙantar nauyin da zai tayar da ita daga tsaye. Kawu ya gwada haka a shago: ya rataya ƴan gutsattsarin darma a bakin zaren kowanne yana ƙarawa ɗaya-ɗaya. Ƙaramin ne ya fara motsi, na tsakiya ya biyo, babban sai da aka ƙara masa sosai. Amma da babban ya tashi, tsayar da shi ya fi wuya. Wannan ɗan gwaji ya riga ya faɗi rabin labarin, sai dai a lokacin ba wanda ya kula a cikinmu.

Sanduna kuwa, ya sami biyu na roba masu zobba irin waɗanda ake zuƙewa, ɗaya mita uku, ɗaya mita huɗu, ya kuma gyara wata gora mai kauri da bai fi mita biyu da rabi ba, ya yi mata zobba da waya. Da yankakkiyar robar tayar keke yake ɗaure kwarkwaron a jikinsu.

Hunturu a Gidimuni

Tafkin Gidimuni yana gabas da Damagaram, wajen kilomita 70 a kan hanyar Gure. Ruwa ne da ba ya ƙafewa, lambuna da dabino sun kewaye shi, kuma tun 2019 yana cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasa da ƙasa kan kare dausayi, ta amince da muhimmancinsu. Ba wurin da baƙo zai faɗa ya jefa ƙugiya ba ne kai tsaye. Akwai masuntan da abincinsu ke nan, akwai kalli a shimfiɗe a cikin ruwa, akwai kuma ma'aikatan ruwa da daji da ke kula da izinin su. Kawu ya bi ta hannunsu, ya kuma je ya gai da wani dattijon masunci da ya nuna masa gaɓar da ba zai taɓa kayan kowa ba.

Matsalar farko jifa ce. Kwarkwaron zamani zare yake zubarwa ta baki ba tare da ganga ta juya ba, shi ya sa yaro ma zai iya wurga koto nesa da shi. Santafin kuwa sai gangar ta juya zare ke fita. Kawu ya lilo sanda ya wurga da ƙarfi, darma ta fizgi zare, ganga ta tashi a guje, koto ya faɗa ruwa ya tsaya, ita kuwa ba ta tsaya ba. Zare ya ci gaba da kwancewa ya cukurkuɗe a kan mariƙi da bayan faranti. A babban abin ya fi muni, saboda nauyinsa ba ya barinsa ya tsaya da wuri.

Turawan da suka saba da shi suna da dabaru biyu. Ɗaya ita ce a jawo zare da yatsun hagu daga tsakanin zobban sanda, madauki biyu ko uku, a lilo koto a sake su tare. Wannan ba ta kai nisa amma ba ta rikici. Ɗayar ita ce wadda ake danganta wa F.W.K. Wallis, wani masuncin Notingam: hannun hagu ya fizgi zare ya tayar da ganga daidai lokacin da sanda ke lilo, sannan yatsan dama ya danne bakinta daidai faɗawar koto. Tana kai nisa, amma tana son hannu ya daɗe yana koyo. Kawu ya riƙe ta farko, ya bar ta biyun yana gwada ta a tsakar gida da yamma.

Matsala ta biyu zare ne. Abin da ake samu a kasuwa galibi zaren mamari ne, mai kauri da tauri, rabin milimita ko kusa da haka. Irin wannan zare yana riƙe lanƙwasar abin da aka naɗe shi a kai. A ƙaramar ganga lanƙwasar ta matse, da an ɗan sassauta sai ya yi tsalle ya fito zobe-zobe. A babbar ganga kuwa ya fi kwanciya. Ga kuma sabo na sana'a: Kawu ya cika kowace ganga har baki, yadda yake cika kwarkwaron keke. Da wata tarwaɗa ta ja da ƙarfi, zaren sama ya nutse cikin na ƙasa ya maƙale, daga nan kuma ganga ba ta ƙara sakin zare sumul ba sai an fizga. Mita 40 zuwa 50 sun isa irin wannan kwarkwaro, ƙari a kan haka wahala ce kawai.

Ta uku ƙura ce. Iskar hunturu tana ɗauke da lallausan rairayi, idan ya haɗu da mai a jikin ƙusa sai ya riƙa cin ƙarfe. Tun ranar farko Kawu ya ji ganga ta fara ƙarar yashi. Ya ɗinka wa kowanne jakar yadi mai zuge, ya daina ajiye sanda a ƙasa, kuma duk dawowa sai ya cire ganga ya share ƙusa ya sake ɗiga mai. Akwai kuma wani abu da Baturen Redic bai yi tunaninsa ba. Wasu tafkunan yankinmu ruwansu yana da kanwa, kanwa kuwa tana cin alminiyam. Wanda ya bar ruwan ya bushe a jikin ganga zai ga farin gari da ƴan ramuka. Maganinsa ɗauraya da ruwan sha da tsanewa kafin a mayar jaka.

Abin da girma yake canzawa

Bayan an rage zare an sami mai laushi, sai ainihin tambayar ta fito fili. Kawu ya ɗaura babban a kan gora ya zauna wa tarwaɗa a gefen kacala, inda take fakewa. Ta ɗauki koto ta zabura, ganga ta juya da baya, mariƙi ya bugi gaɓoɓin yatsunsa, kafin ya lalubi bakin gangar kifi ya shige ciyawa ya tsinke zare.

"Kawu, to ina ƙarfin babban?" na tambaye shi.

"Ni ma shi nake nema, ɗana," in ji shi. "Nauyi dai na ji, ƙarfi ban ji ba."

Gaskiyarsa ce, kuma dalilin a bayyane yake idan an zauna an duba. Tunda babu giya, girman ganga ba ya ƙara wa hannu ƙarfi. Kifi yana ja ne daga bakin ganga, mariƙi kuwa yana cikin da'irar, kusa da tsakiya, don haka a wajen naɗi kifin ne ke da rinjaye ko a ƙarami ko a babba. Da santafin ba a jan babban kifi da mariƙi. Da sanda ake ɗaga shi, a sauke sanda a naɗe abin da ya saki, idan ya zabura kuma yatsa ya riƙe bakin ganga gwargwadon abin da zare zai iya ɗauka. Saboda haka abin da ake bukata a faɗa da tarwaɗa shi ne ganga da yatsan hannun da ke riƙe da sanda zai kai bakinta ba tare da miƙewa ba. A hannun Kawu, inci huɗu ne ya zauna daidai. Inci biyar da rabi ya yi masa nisa, kuma nauyinsa ya rinjayi gajeriyar gora ya sa wuyan hannu gajiya.

Abin da girma ke ƙarawa sauri ne. Juyi ɗaya na ƙaramin bai wuce santimita 28 na zare ba, na tsakiya 32, babban kuwa 44, kuma a aikace duka sun ɗan gaza haka tunda zare a ƙasan baki yake kwanciya. Don dawo da mita 20, ƙaramin yana son juyi wajen 70, na tsakiya 63, babban 45. Wanda ke fatsa a gindin ƙafarsa ba ruwansa da wannan bambanci. Wanda kotonsa ke tafiya nesa yana dawowa sau da yawa a yini, shi ya san darajarsa. Manyan gangunan nan an yi su ne don manyan koguna masu faɗi da gudu, inda ake sakin ɗan kara ya yi nisa. Ba girman kifi aka duba ba, nisan ruwa aka duba.

Dattijon masuncin nan ne ya buɗe wa babban hanyar aiki, shi da bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya daɗe yana kallon Kawu yana fama da jifa, sannan ya matso.

"Malam, kai da iska ke bayanka, me ya sa kake wahalar da kafaɗa? Ba ta aika maka?"

"Wace irin aika, Baba?"

Sai ya nuna masa yadda iskar hunturu, wadda ke fitowa daga arewa maso gabas, take kora duk wani abu mai iyo zuwa ɗaya gaɓar. Kawu ya koma gaɓar da iska za ta riƙa dukan bayansa. Ya yanko ɗan kara mai kauri daga tsohon silifa, ya soka masa gashin zabo a tsaye don iska ta sami abin turawa. Ya shafa wa zaren basilin don ya yi iyo kada ya nutse ya ja koto baya. Ya sauke koto kusa da gaɓa ba tare da jifa ba, iska ta ɗauka. Jan bai kai na kogi ba, babbar gangar kuma tana da nauyin tashi, don haka yakan ɗan tura ta da yatsa, amma da ta fara tafiya nauyin nan nata ne ke sa ta ci gaba a natse ko iska ta ɗan lafa. Koto ya riƙa ratsa ruwa mita 25, mita 30, yana bi ta kan wuraren da karfasa ke kiwo. Idan ɗan kara ya nutse sai ya danne ganga ya share doguwar sandar gefe da faɗi, saboda zaren roba yana miƙewa a irin wannan nisa, ɗan fizga kaɗan ba ya kafa ƙugiya. Wajen dawowa kuma ba ya ma taɓa mariƙi idan babu kifi, bakin gangar yake bugawa da tafin hannu ta naɗe da kanta.

Ta haka lissafin Kawu ya juye. Babban, wanda ya ware wa tarwaɗa, ya zama na karfasa a kan sandar mita huɗu da zare matsakaici. Koton kuwa tana ce da gara, kuma cizo ya fi yawa idan rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi, don karfasa ba ta son sanyin asuba. Na tsakiya ya koma kan gora don tarwaɗa a bakin kacala, inda jifar mita biyar ko shida ta wadatar. A nan ne na ga abin da ya sa har yau wasu ba su yar da santafin ba. Tsakanin kifi da yatsa babu wani abu sai zare. Idan tarwaɗa ta nufi ciyawa yatsa ya ƙara dannawa, idan ta juyo fili ya sassauta, duk cikin ƙiftawar ido, ba tare da an nemi wani noti an murɗa ba. Makullin mai ƙara kuma yana da rana a wannan zama: a jingine sanda a kan reshe, a tura shi, kifi na ɗauka za a ji.

Ranar da iska ta ɗauke, dattijon ya sake ba da wata dabarar daga aikin mamari. Maimakon a zube zare a ƙasa ya kwashi ƙarangiya, sai a warware mita goma ko sha biyar a cikin robar wanki mai ɗan ruwa, a wurga koto, zaren ya tashi daga robar ba tare da ganga ta motsa ba. Ba a littafin Turawa Kawu ya samo wannan ba, kuma ya fi masa jifar Wallis sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙaramin fa? A tafki bai sami gurbi ba. Zare mai kauri ba ya zama a jikinsa, naɗinsa yana da jinkiri, sauƙin tashinsa kuma, wanda shi ne abin taƙamarsa, ya zama illa, domin ƴar iska kaɗan ke juya shi ta tura zare bayan faranti. Ya koma jaka har bazara ta wuce.

Damina

A watan Agusta, bayan ruwan sama mai yawa, ƙoramun da ke zuba cikin tafkuna sukan kawo ruwa su yi ƴan kwanaki suna gudu. Farkon zuwan ruwan haɗari ne, ja ne wur, yana tafe da itace da ƙasa, ba mai hankalin da zai tsaya a bakinsa. Amma idan ya lafa, yakan bar wani siririn gudu mai natsuwa, zurfinsa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. A irin wannan ruwa Kawu ya fito da Aerial, da zare siriri da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da ɗan kara na totuwa, da darma ƙwaya biyu, a kan sandar mita uku.

Ya sauke koto, ya karkatar da sanda yadda fuskar ganga za ta kalli sama ta zauna a kan tsinin ƙusarta. Ba tura ba buga, gangar ta fara juyawa da kanta, a hankali, daidai tafiyar ruwan. Ya gwada na tsakiya a wuri guda, ya tafi amma yana tsayawa yana tashi. Babban ko motsi bai yi ba, ɗan karan sai ya ja ya tsaya ya karkata gefe. Gwajin darmar da aka yi a shago ne ya maimaita kansa a bakin ruwa. A gudu mai rauni da nisan da bai wuce mita goma ko sha biyar ba, jinkirin naɗi ba ya damun kowa, sauƙin tashi kuwa shi ne kome.

Ya kama ƙananan karfasa da ƴan tarwaɗa. Lokacin ne kuma tarwaɗa ke hawowa sabon ruwa don zuba ƙwai, shi ya sa duk wadda ya ga cikinta ya cika yakan zare ƙugiya ya mayar da ita. Ina ganin wannan daidai ne, kuma fatsa ce ke ba da damar yin haka, tunda kifi ɗaya-ɗaya yake zuwa hannu da ransa.

Inda lamarin ya tsaya

Kada a ɗauka kayan nan za su ci da gida. Mai birgi ko kalli zai tara a safiya ɗaya abin da Kawu ba zai tara a mako ba, kuma masuntan Gidimuni ba su da dalilin sauya kayansu. Ga mai fatsar sha'awa ko ta miyar gida kuwa, ina da ra'ayi a kai: tsohon santafin ya fi arhan kwarkwaron zamani dacewa da ƙasar ƙura, don abin da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, a minti biyu an buɗe an share, kuma babu wani ɓangarensa da mai gyaran keke ko mai injin dire ƙarfe a garin nan zai kasa fahimta. Wanda zai sayi guda ɗaya tak don tafkunanmu, inci huɗu zuwa huɗu da rabi ya kamata ya nema, ya duba cewa ganga ba ta rawa a kan ƙusa kuma bakinta bai lanƙwashe ba. Babba sai ga mai doguwar sanda da buɗaɗɗen ruwa da iska a baya. Ƙarami kuwa aikinsa a nan makonni kaɗan ne a shekara.

Wani ya ba Kawu shawarar ya goge Aerial ɗin ya yi masa sabon fenti. Na roƙe shi kada ya yi, domin tsofaffin Aerial suna da daraja wurin masu tara kayan da a Ingila, kuma gogewa da fenti rage ta suke yi. Ya bar shi da launinsa.

Abu biyu suka rage ba a warware ba. Babban ya fara ɗan rawa a kan ƙusa, alamar ramin tagullarsa ya ci, wataƙila tun a hannun masu shi na farko, ƙurar hunturun farko kuma ta ƙara. Kawu ya auna ƙusar yana neman mai injin da zai dire masa sabon rami, amma ya ce ba zai ba da aikin ba sai ya ga irin aikin hannun mutumin. Na biyu kuma, wani ɗan ƙanensa da ke aiki a Yamai ya roƙi a ba shi ƙaramin, tunda can ne kogi yake. Kawu ya ce masa ya bari tukuna, yana so ya ƙara damina ɗaya da shi ya gwada jifar Wallis a ruwa mai gudu, daga nan sai su yi magana.